Nemo Mini Na Farko: Tarihin Ƙaramar Tambayar Da Ta Wahalar Da Masana Kwamfuta

Mai karatu, idan ka taɓa neman suna a wayarka, ko ka duba sakamakon jarrabawa a intanet, ko ka sa Excel ya zaƙulo maka albashin wani ma'aikaci daga dogon jadawali, to ka riga ka sa kwamfuta aikin da za mu ba da tarihinsa a yau. Aikin a taƙaice shi ne: ga jerin abubuwa, nemo mini na farko da ya dace da abin da nake so.

Jeri, wanda masu rubuta manhaja ke kira array da Turanci, gurabe ne da aka shirya ɗaya bayan ɗaya a ma'adanar kwamfuta, kowane gurbi da lambarsa, kamar shaguna a layin kasuwa. Neman abu a cikinsa yana daga cikin darussan farko da ake koya wa ɗalibi. Amma fa raina kama ka ga gayya. A cikin wannan ɗan umarni akwai tambayoyi uku a dunƙule. Ta wace hanya za a bi a nema? Idan abin ya fito fiye da sau ɗaya, wanne ne na farko? Idan kuma babu shi gaba ɗaya, me za a faɗa wa mai nema? Kowace ɗaya daga cikinsu ta ci wa masana shekaru, kuma har gobe kurakuran da ake tafkawa a kansu suna taɓa kuɗi da sunayen mutane.

Zamanin kati da tef

Hanya mafi tsufa ita ce wadda kowa zai fara yi. Ka faro daga kai, ka duba na ɗaya, in ba shi ba ne ka wuce na biyu, haka dai har ka ci karo da abin ko jerin ya ƙare. Mu kira ta binciken bi-da-bi. Daɗinta shi ne tambayar "wanne ne na farko" ba ta ma tasowa, domin duk wanda ka fara cin karo da shi, shi ne.

A farkon zamanin na'urorin sarrafa bayanai, babu ma wani zaɓi. A ƙidayar jama'ar Amurka ta 1890, na'urorin Herman Hollerith katuna masu huji suke karantawa, kati ɗaya bayan ɗaya. A 1951 kwamfutar UNIVAC I ta zo da tef na ƙarfe mai tsawon ƙafa 1,200 a kowane naɗi. Duk wanda ya yi zamani da kaset ya san halin tef: in waƙar da kake so tana tsakiya, dole sai ka juya ya wuce duk abin da ke gabanta.

Matsalar bi-da-bi ita ce tsada. In jerin yana da suna miliyan ɗaya, a matsakaici sai an duba kusan 500,000 kafin a dace. In kuwa sunan babu shi, sai an duba miliyan ɗin cif kafin a ce maka babu.

Duk da haka masana ba su raina ta ba. Donald Knuth na Jami'ar Stanford, a juzu'i na uku na littafinsa The Art of Computer Programming da ya fito a 1973, ya bayyana wata dabarar rage mata nauyi. Ka lura, a kowane taku kwamfuta tambaya biyu take yi: shin wannan ne, kuma shin jerin ya ƙare? Dabarar ita ce ka ɗauki abin da kake nema ka dasa shi da kanka a gurbin da ke bayan na ƙarshe, kamar mai gadi a bakin ƙofa. Yanzu tabbas za a same shi, saboda haka ba sai an riƙa tambayar ko jeri ya ƙare ba. In an tsaya sai a duba sau ɗaya tak: a cikin jeri aka tsaya, ko a kan mai gadin? In a kansa ne, abin babu shi kenan.

1946: a raba biyu

A watan Fabrairun 1946 aka nuna wa duniya kwamfutar ENIAC a Jami'ar Pennsylvania da ke birnin Filadelfiya. Bayan 'yan watanni, a Yuli da Agusta na shekarar, aka shirya jerin laccoci a makarantar injiniya ta Moore a wannan jami'a, domin koya wa masana yadda ake ƙera irin waɗannan na'urori. A can ne John Mauchly, ɗaya daga cikin mutum biyun da suka tsara ENIAC, ya yi maganar wata hanyar bincike daban. Knuth ya nuna cewa wannan shi ne karon farko da aka san an bayyana ta a fagen kwamfuta.

Hanyar tana da sharaɗi ɗaya: sai jerin ya kasance a tsare, daga ƙarami zuwa babba ko bisa haruffa, kamar ƙamus. Sai ka buɗe tsakiya. In abin da kake nema ya gaza na tsakiyar, ka watsar da rabin sama gaba ɗaya. In ya fi shi, ka watsar da rabin ƙasa. Ka sake buɗe tsakiyar abin da ya rage, ka ci gaba haka. Wannan shi ne binciken raba-biyu.

Duba ribar da ke ciki. In ka jera 2 guda 20 ka ninka su da juna za ka sami 1,048,576. Ma'ana jeri mai suna miliyan ɗaya ba zai wuce dubawa 20 ba. Mai biliyan ɗaya kuwa, dubawa 30 ta ishe shi. Ina 20, ina 500,000?

Sai dai dabarar ba ta da amfani a kan tef, tunda ba ka iya tsallakawa tsakiya kai tsaye. Tana bukatar ma'adanar da za ka iya taɓa kowane gurbi nan take. Ga manyan bayanai, ƙofar hakan ta fara buɗewa ne a 1956, lokacin da kamfanin IBM ya fito da RAMAC, mai faifai 50 da ke ɗaukar haruffa kusan miliyan 5. Shekara ɗaya bayan haka, a 1957, W. Wesley Peterson na IBM ya wallafa wata hanyar da ta fi kama da yadda mutum ke buɗe ƙamus: in kalmar "zuma" kake nema ai ba tsakiya za ka buɗe ba, can kusa da ƙarshe za ka nufa.

To amma ga abin mamaki. Bayanin raba-biyu a baki ba ya ɗaukar minti ɗaya, amma tsare-tsaren farko da aka wallafa suna aiki ne kawai in yawan abubuwan jerin ya kasance 7, ko 15, ko 31, ko 63, da makamantansu. Me ya sa? Domin a irin waɗannan lambobi, in ka cire na tsakiya, abin da ya rage yana rabuwa biyu daidai, kuma kowane rabi yana da nasa tsakiyar, har zuwa ƙarshe. In jerin abu 10 ne fa? Babu na tsakiya tsantsa. Dole ka zaɓi na 5 ko na 6, ka kuma tabbatar ba ka tsallake gurbi ba, ba ka kuma maƙale kana duba gurbi ɗaya har abada ba. Sai a 1960 masanin lissafi Derrick Henry Lehmer ya wallafa tsarin da ke aiki ga kowane adadi. Shekara 14 kenan bayan laccar Mauchly.

To wanne ne na farko?

Nan ne tambaya ta biyu ta ɓullo. Bari mu ɗauki jerin sunaye tara a tsare: Aisha, Bala, Musa, Musa, Musa, Musa, Sani, Umar, Zainab. Ka nemi Musa ta hanyar raba-biyu. Tsakiya shi ne gurbi na 5, kuma Musa ne a ciki. Kwamfuta ta ce ta samu, ta tsaya. Amma wannan Musa na uku ne. Na farkon yana gurbi na 3. Saurin da muka samu ya sa mun yi asarar tabbacin da bi-da-bi ke ba mu kyauta.

Maganin shi ne kada ka tsaya don ka ga abin. Ka riƙe gurbin, ka ci gaba da matse ɓangaren da ke kafinsa. Daga gurbi na 5 sai ka duba na 3, Musa ne. Ka duba na 2, Bala ne, ya gaza Musa. Shi ke nan, iyakar tana gurbi na 3. Tushen wannan tunani yana cikin tsarin da Bajamushe Hermann Bottenbruch ya wallafa a 1962 da yaren ALGOL 60, inda ya jinkirta tambayar "shin wannan ne?" har sai gurbi ɗaya ya rage. Nasa tsarin na ƙarshe yake kamowa in akwai maimaici, amma in aka juya shi sai ya kamo na farko.

Har yau yarukan kwamfuta ba su haɗu a kan matsaya ɗaya ba. Takardun yaren C sun faɗa ƙarara cewa in abubuwa da yawa sun dace, bsearch ba ya alkawarin wanda zai dawo da shi. Haka binarySearch na Java. Shi kuwa Alexander Stepanov, wanda ya jagoranci tsara rumbun kayan aikin da aka amince a shigar cikin C++ a 1994, ya ware wa aikin suna na musamman: lower_bound yana ba ka gurbin farko, upper_bound yana ba ka gurbin da ke bayan na ƙarshe. Python ma yana da bisect_left da bisect_right.

A rumbunan adana bayanai abin ya ma fi haka. A tsarin da Edgar Codd na IBM ya gabatar a 1970, wanda yaren SQL ya ginu a kansa, layukan jadawali ba su da wani jeri na asali. In ka ce a ba ka layi ɗaya ba tare da ka faɗi yadda za a jera su ba, duk wanda ya zo hannu za a miƙo maka, kuma na yau yana iya bambanta da na gobe. A nan kalmar "na farko" ba ta da ma'ana sai ka ba ta da kanka.

Ƙwararru ma sun sha ƙasa

Kada ka ɗauka da aka wallafa tsarin da ya dace magana ta ƙare. Jon Bentley, wanda ya koyar a Jami'ar Carnegie Mellon kafin ya koma ɗakin bincike na Bell, ya ba da labari a littafinsa Programming Pearls na 1986 cewa ya riƙa ba ƙwararrun masu rubuta manhaja aikin rubuta binciken raba-biyu, da isasshen lokaci a hannunsu. Kusan 90 cikin 100 sun kawo aiki mai kuskure. A 1988 Richard Pattis ya duba littattafan koyarwa 20, ya tarar 5 ne kawai suka rubuta shi daidai.

Amma labarin da ya fi ɗaukar hankali ya zo ne a watan Yunin 2006. Joshua Bloch, injiniya a Google a lokacin, ya wallafa cewa akwai kuskure a binciken raba-biyu na cikin rumbun Java, wanda shi da kansa ya rubuta, kuma kuskuren ya kwanta kusan shekara 9 ba wanda ya gani. Ya ƙara da cewa irinsa yana cikin tsarin littafin Bentley, wanda aka kawo hujjar lissafi a kan ingancinsa, shi kuma ya yi kusan shekara 20 a ɓoye.

Kuskuren layi ɗaya ne, wajen lissafa tsakiya: a haɗa lambar gurbin ƙasa da ta gurbin sama, a raba biyu. A takarda babu aibu. Amma a Java, lambar da aka saba amfani da ita tana da iyaka, 2,147,483,647. In jimla ta haura haka sai ta juya, kamar mitar tsohuwar mota da ta cika ta koma baya, ta faɗa ƙasa da sifili. Misali, in gurbin ƙasa 1,200,000,000 ne, na sama kuma 1,500,000,000, jimlarsu 2,700,000,000 ce, ta wuce iyaka. Sai kwamfuta ta je neman gurbin da babu shi, manhaja ta tsaya cak.

Me ya sa aka daɗe ba a gani ba? Domin sai jeri ya haura abu biliyan ɗaya kuskuren ke bayyana, kuma a shekarun 1980 ba wanda ke da ma'adanar da za ta ɗauki haka. Hujjar lissafin ba ƙarya ta yi ba, sai dai ta ɗauka lambobi ba su da iyaka, alhali a cikin na'ura suna da ita. Gyaran kuwa ɗan kaɗan ne: ka cire lambar ƙasa daga ta sama, ka raba abin da ya rage biyu, sannan ka ƙara a kan ta ƙasa. Amsa ɗaya ce, amma ba a taɓa haura iyaka a hanya.

In babu shi fa?

Tambaya ta uku ita ce ta fi yawan kayar da masu koyo, kuma tana da alaƙa da inda ake fara ƙirga gurabe. Fortran, wanda ya fito a 1957, daga 1 yake farawa. Saboda haka sifili ya zama rara, ana iya amfani da shi a ce "ban samu ba". Haka INDEX na Fortran da INSTR na BASIC suke yi in sun nemi harafi a rubutu suka rasa. Amma yaren C, wanda Dennis Ritchie ya ƙirƙira a farkon shekarun 1970, daga sifili yake farawa, kuma Java da JavaScript da Python duk sun bi wannan sahu. Edsger Dijkstra ma ya rubuta 'yar gajeriyar takarda a 1982 yana kare wannan tsari. Tunda sifili ya zama gurbin farko, dole a nemo wata alamar. Da yawa suka zaɓi -1.

Ga inda tarkon yake. A JavaScript, indexOf yana ba ka 0 in abin yana gurbin farko, ya ba ka -1 in babu. Amma a wajen yanke hukunci, yaren yana ɗaukar 0 a matsayin "a'a", -1 kuma a matsayin "e". Wanda ya rubuta "in indexOf ya samu, yi kaza" ba tare da kwatanta amsar da -1 ba, ya juya lamarin kenan: wanda ke kan gaba a jeri za a ce babu shi, wanda babu shi kuma a ce yana nan. A PHP, strpos yana dawo da false in ya rasa, kuma kwatancen sakaci yana ɗaukar false da 0 abu ɗaya ne. A Python kuwa gurbi na -1 yana nufin abu na ƙarshe, saboda haka wanda ya karɓi -1 daga find ya yi amfani da shi bai duba ba, harafin ƙarshe zai ɗauko ba tare da an yi masa ko tari ba. Amma index na jeri a Python ba ya bin wannan hanya. In ya rasa, tsayar da aikin yake yi da sanarwar kuskure.

Wata hanyar ita ce a dawo da "babu komai", abin da ake kira null. Tony Hoare, masanin kwamfuta ɗan Birtaniya, shi ya shigar da shi yaren ALGOL W a 1965. A wani taro a Landan a 2009 ya bayyana shi a matsayin kuskuren da ya jawo asarar dala biliyan, saboda yawan manhajojin da suka faɗi don an manta a duba ko amsar fanko ce.

Sababbin tsare-tsare sun koyi darasi. Haskell da Rust suna miƙo maka amsar ne a cikin wani ƙunshi da dole ka kwance, ka faɗi abin da za a yi in fanko ne, kafin ka taɓa abin da ke ciki. Java ya kawo irin wannan a 2014 tare da findFirst. Kuma ya zo da ɗan'uwansa findAny, domin in an raba jeri ga injuna da yawa suna nema lokaci guda, tabbatar da cewa na farko aka kawo yana bukatar jira, wanda kuwa kowanne ya ishe shi ba sai ya jira ba. JavaScript ya sami find da findIndex a 2015, sai findLast a 2023.

Abin da ya shafe ka

Ko ba ka rubuta manhaja, wannan tarihi yana zaune a cikin Excel ɗin ofishinku. VLOOKUP yana da zaɓi na huɗu. In ka sa FALSE, zai nemi wanda ya dace daidai, ya ba ka na farko da ya gani. In ka bar wurin fanko, sai ya ɗauka jadawalinka a tsare yake, ya nemi mafi kusa. In kuwa ba a tsare yake ba, yana iya ba ka amsar wani layin daban, babu gargaɗi. A 2019 Microsoft ya sanar da XLOOKUP, wanda ke neman daidai tun daga farko ko ba ka ce masa komai ba.

Ko ka sa FALSE ɗin ma, da sauran rina a kaba. A ƙasar Hausa, aji ɗaya ko ma'aikata ɗaya na iya samun mutum uku masu suna ɗaya da sunan uba ɗaya. In da suna kake nema, na farko ne zai riƙa fitowa kullum, sauran biyun su karɓi makinsa ko albashinsa. Kwamfuta ta cika umarninka, kai ne ba ka ba ta abin da zai bambance su ba. Ka nema da lambar rajista ko lambar ma'aikaci, wadda mutum biyu ba sa tarayya a kanta.

Ga mai koyon rubuta manhaja kuma, kada tarihin nan ya sa ka raina bi-da-bi. In jerin bai da yawa, ko sau ɗaya kawai za ka nema, yakan fi sauƙi da sauri, domin tsara jeri ma aiki ne mai cin lokaci. In kuma raba-biyu kake bukata, ka ɗauki wanda ke cikin rumbun yarenka, ka karanta abin da ya yi alkawari game da maimaici. Sannan kafin ka saki aikin, ka gwada shi da abu biyar: jeri fanko, abin da ke gurbin farko, abin da ke gurbin ƙarshe, abin da ya fito sau da yawa, da abin da babu shi sam. Mafi yawan kurakuran da muka lissafa daga 1946 zuwa yau, a irin waɗannan gaɓoɓi suka ɓuya.